Karatu a Birtaniya: Tambayoyin da Sababbin Ɗalibai Suka Fi Yi Mini

Duk shekara da watan Agusta ya kama, wayata ba ta hutawa. Ƙannen abokai, 'ya'yan maƙwabta, wani lokacin ma iyayen da kansu, kowa da abin da ke damunsa game da tafiyar da za a yi a Satumba. Na yi digirina na biyu a birnin Leeds da ke arewacin Ingila, na kuma daɗe ina tarbar sababbin zuwa daga Kano, Katsina, Zariya da Maraɗi. Shi ya sa na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa. Abin da ya shafi biza da kuɗin hukuma yana canzawa, don haka a riƙa duba shafin gwamnatin Birtaniya kafin a yanke shawara. Sauran kuwa abin da idona ya gani ne.

Me zan fara yi a makon farko?

Kammala rajistar makaranta kafin komai, domin takardar shaidar cewa kai ɗalibi ne ita ce mabuɗin sauran ƙofofi. Da ita za ka buɗe asusun banki, da ita za a cire ka daga harajin gida na ƙaramar hukuma, wanda ɗalibi mai karatu na cikakken lokaci ba ya biya. Sai layin waya, sai rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP. Ka nemi katin rangwamen jirgin ƙasa, yana rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti, kuma ko ka haura shekara 25 za a ba ka muddin kana karatu. Shaidar biza yanzu a intanet take, an daina aiki da ƙaramin katin da ake bayarwa a da, saboda haka ka tabbata kana iya shiga asusunka tun kafin ka hau jirgi.

Taron wayar da kan sababbin ɗalibai kuma kada ka raina shi. A nan ake nuna maka ofisoshin da wata rana za ka nema ido rufe.

Wane abinci zan ɗauko daga gida? Umma ta riga ta sa an yi mini kilishi.

Ka ci kilishin nan tare da ita kafin ka tafi. Doka ta hana shiga Birtaniya da nama ko kayan madara daga ƙasashenmu, wato kilishi, dambun nama, soyayyen nama, man shanu da cuku duk ba sa wucewa. Idan aka gani za a ƙwace, ana iya cin tarar mutum ma. Busasshen kifi an yarda da shi. Garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji da zoɓo su ne dukiyarka, a ɗaure su da kyau a leda biyu saboda wari, a rubuta sunan kowanne a jiki.

Tuwo ba zai gagare ka ba. Akwai garin shinkafa da samolina a shagunan 'yan Pakistan da Bangaladash, akwai manja, doya, wake da attaruhu a shagunan 'yan Afirka. A Leeds kasuwar Kirkgate muke zuwa, a Landan kuma unguwar Peckham ta yi suna. Mahautan halal suna da yawa a duk garin da Musulmi suke. Inda za ka sa ido shi ne alawa, kek da wasu miyar gwangwani, domin ana sa musu sinadarin da aka samo daga alade ko kuma giya. Karanta bayan kwali ya zama ɗabi'arka.

Maza, ku koyi girki tun a gida. Mako biyu a gindin murhu tare da ƙanwarka zai rage maka kashe kuɗi fiye da duk wata dabara da zan koya maka.

Da gaske ne sanyin yana da tsanani haka?

Sanyin da sauƙi, ana maganinsa da tufafi: riga mai kama jiki daga ciki, suwaita, sannan babbar riga wadda ruwa ba ya ratsawa, da takalmi mai rufi. Babbar rigar a can za ka saya, waɗanda ake sayarwa a kasuwanninmu don hunturunmu aka yi su.

Abin da ba a gaya mana shi ne duhu. A Disamba rana ba ta fitowa a Leeds sai bayan ƙarfe takwas na safe, kafin huɗu na yamma ta faɗi, tsakani kuma yawanci hadari ne da yayyafi. Ka shiga laburare da duhu, ka fito da duhu. Mutumin da ya tashi a ƙarƙashin ranar Sakkwato jikinsa bai san wannan ba. Sai kasala ta kama ka, barci ya yi yawa ko ya ƙaurace, zuciya ta yi nauyi ba tare da wani ya ɓata maka rai ba. Ni a watan Nuwamba na farko na yi kwana uku ban buɗe labule ba, salla kawai ke tayar da ni. Na ɗauka raunin imani ne, na yi ta zargin kaina, har sai da wani dattijo ɗan Gambiya da muke haɗuwa a masallaci ya dube ni ya ce, "Ɗana, yaushe rabonka da fita da rana tsaka?" Daga ranar na ɗora wa kaina tafiyar minti talatin bayan azahar, ko ana ruwa.

Hukumar lafiya ta ƙasar, NHS, tana ba da shawarar shan maikirogiram 10 na bitamin D kullum a kaka da hunturu, masu baƙar fata irinmu kuma duk shekara. Yana da araha a kowane kantin magani. Mai ciwon sikila ya ninka kulawa, sanyi na tayar da ciwon, kuma ya sanar da likita tun ranar rajista.

Ɗaki kuma a riƙa buɗe tagarsa na ɗan lokaci kullum. Idan aka rufe ko'ina aka kunna hita aka shanya wanki a ciki, bango zai yi baƙin fumfuna, kuma daga kuɗin ajiyarka mai gida zai cire.

Yaya zan yi da salla da azumi?

Kusan kowace jami'a tana da ɗakin salla da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, su ne ke shirya Juma'a da buɗa-baki. Wahalar tana cikin lokuta. Da hunturu azahar, la'asar da magariba suna haɗuwa cikin awa huɗu, daidai lokacin lakca. Ka riƙe alwala, ka san ɗakin salla mafi kusa da ajinka, ka sa ƙaramar darduma a jaka. Da bazara kuma rana kan kai wajen tara da rabi na dare ba ta faɗi ba, isha ta kusa sha ɗaya, asuba tun wajen uku. Waɗanda suka yi azumi a watan Yuni shekarun baya sun kai awa goma sha takwas suna kame baki. Yanzu da Ramadan ya matso ƙarshen hunturu abin ya yi sauƙi sosai.

Idan lakca ko jarrabawa ta ci karo da Juma'a ko ranar Idi, rubuta wa malamin tun da wuri. Idi ba ranar hutu ba ce a can, amma sau da yawa ana yi wa mutum uzuri idan ya nema kafin lokaci. Kada kuma ka yi mamaki idan masallatai biyu a titi ɗaya suka yi sallar Idi a ranaku daban-daban, wasu ganin watan Saudiyya suke bi, wasu na Maroko. Bi masallacin da kake salla a ciki, ka bar jayayya.

'Yan'uwanmu Kirista ma ba a bar su a baya ba, cocin 'yan Najeriya suna ko'ina, wasu da mota suke zuwa ɗaukar ɗalibai ranar Lahadi.

Zan zauna gida ɗaya da mutanen da ba addininmu ɗaya ba. Ta ina matsala ke ɓullowa?

Daga banɗaki da kicin, ba daga aƙida ba. Banɗakinsu ba a yi shi don a zuba ruwa a ƙasa ba. Ka ajiye butarka, amma ka goge wurin tas bayan tsarki da alwala, domin jiƙaƙƙen ƙasa shi ne ƙorafi na farko da ake kai mu. A firij kowa da gurbinsa, za ka ga naman alade da kwalbar giya a na wani. Ka sayi tukunyarka da cokulanka, ka yi bayani cikin fara'a sau ɗaya, yawancinsu suna kiyayewa.

'Yan'uwa mata, turaren wuta da kasko ba sa shiga ɗakunan kwanan ɗalibai. Akwai na'urar gano hayaƙi a kowane ɗaki, da ta ji za ta yi ƙara, a fito da mutum ɗari waje cikin sanyi, wani lokacin har da tara. Humra da turaren fesawa sun wadatar.

Gaisuwa ma daban take. Maƙwabci zai tambaye ka lafiya yana tafiya, bai tsaya jin amsa ba. Ba wulaƙanci ba ne, iyakar gaisuwarsu ke nan. Wanda ba ya musabaha da wani jinsi ya ɗora hannu a ƙirji ya yi murmushi, ana fahimta.

Ina tsoron a damfare ni wajen neman gida.

Tsoronka yana kan hanya. Na san wata ɗaliba da ta tura kuɗin wata uku tun tana gida saboda hotunan da ta gani a Facebook, ta sauka da akwatuna biyu ta tarar gidan da masu shi a ciki, ba su taɓa jin sunan wanda ya karɓi kuɗin ba. Kada ka biya ko kwabo sai kai ko wani amintacce ya shiga ɗakin da ƙafarsa. Idan da hali, shekarar farko ka zauna a masaukin makaranta ko da ya fi tsada. A Ingila doka ta taƙaita kuɗin ajiya ga hayar mako biyar, kuma dole mai gida ya sa shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Ranar da ka tare ka ɗauki hoton kowane lungu. Ƙungiyar ɗalibai tana da masu duba takardar haya kyauta kafin ka sa hannu.

A gida ina cikin na gaba a aji. Me ya sa na samu 58 a aikina na farko?

Da farko, 58 ba faɗuwa ba ce. A digiri na farko makin cin jarrabawa 40 ne, a na biyu yawanci 50, wanda ya kai 70 kuwa ya shiga sahun ƙoli. Ba kasafai ake ganin 80 ba.

Na biyu, abin da ake nema ne ya bambanta. Mu an horar da mu a kan hadda da mayar wa malami abin da ya ba mu, kuma wannan horon yana da amfaninsa, yana ba mu juriyar zama da littafi. Amma a can so ake ka ce wane ya faɗi kaza, wane ya saɓa masa, ni kuma ga inda na tsaya ga dalilina. Tarbiyyarmu ta girmama na gaba kan sa mu ji nauyin yi wa farfesa gyara. Malamin da ya duba kundina sai da ya rubuta mini a gefen takarda har sau uku yana tambayar ina ra'ayina yake. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Malamai suna da sa'o'in ganin ɗalibai, mu kuma ba ma zuwa, kunya ke hana mu, muna ganin kamar damun mutum ne. Aikinsu ke nan, kuɗin makarantarka ya haɗa da shi. Za su ce ka kira su da sunansu na yanka, bakinka zai yi nauyi, ka fara da Dakta har ka saba. Ka riƙa kallon idonsu idan kuna magana, sunkuyar da kai da muke yi don ladabi su kan ɗauke shi rashin gaskiya ko rashin fahimta. Turancin mutanen Yorkshire, yankin da Leeds take, kuma zai yi maka wuyar ji wata ɗaya ko biyu. Ce musu su maimaita, ba sa jin haushi.

Mene ne satar fasaha, kuma me ya sa ake ta gargaɗi a kai?

Ɗauko jimla ko tunanin wani ka sa a aikinka ba tare da ka ambaci mai shi ba. Yawancin makarantu suna tace aiki da manhajar Turnitin. Hukuncin yana farawa daga soke maki har zuwa kora, kora kuma tana tafiya da biza. Ba wa aboki aikinka ya "duba" ya kwafa, ku biyun za a kama. Masu tallan rubuta wa ɗalibai aiki a WhatsApp haramtacciyar sana'a suke yi a Ingila tun 2022, kuma akwai waɗanda ke dawowa su yi wa ɗalibin barazanar tona asiri idan bai ƙara kuɗi ba. Game da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, kowane kwas da ƙa'idarsa, tambayi malaminka a rubuce. Laburare na koyar da yadda ake ambaton madogara kyauta, zama ɗaya ko biyu ya isa.

Zan iya aiki in biya kuɗin makaranta da shi?

A'a. Ina faɗin haka kai tsaye domin wannan lissafin ya jefa gidaje da yawa cikin bashi. Ɗalibin digiri yana da izinin awa 20 a mako lokacin karatu, ana ƙirgawa daga Litinin zuwa Lahadi, ba a haɗa makonni a raba. Abin da za ka samu zai taimaka wajen abinci da wani ɓangare na haya, nan ya tsaya. An hana ka sana'ar kanka, kuma kai abinci gida-gida da keke ta manhaja yawanci a nan yake faɗawa. Masu digiri na biyu su lura, lokacin rubuta kundi da bazara galibi karatu ake lissafa shi, ba hutu ba. Makaranta tana bibiyar halartar aji, tana kuma sanar da ma'aikatar cikin gida idan mutum ya ɓace.

Wani tarko kuma: wanda zai ce a turo kuɗi ta asusunka ka cire ka ba shi, a ba ka lada. Ko ɗan garinku ne, ko a sahu ɗaya kuke salla, ka ƙi. Idan kuɗin na damfara ne sunanka ke jiki.

Naira ta faɗi, Baba ya kasa turo kason kuɗin makaranta na biyu. Me zan yi?

Wannan ya sami dubban ɗalibai bayan an saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023. Fam ɗaya da bai kai naira 600 a farashin gwamnati ba a farkon shekarar ya haura 1,800 a 2024. Mutanen da suka yi tanadi tsaf suka wayi gari kuɗinsu bai kai rabi ba.

Abin da na gani shi ne, waɗanda suka je ofishin kuɗi tun kafin ranar biya ta wuce, da takardun banki a hannu, da yawansu an rarraba musu biyan. Waɗanda suka yi zurfin ciki, suka daina buɗe saƙon makaranta saboda fargaba, su ne aka rufe wa asusun karatu. Mun tashi da cewa talauci sirri ne, ba a kai kukansa ga baƙo. A nan wannan kara tana cutarwa. Je ka wurin masu ba da shawara na ƙungiyar ɗalibai, ba ma'aikatan ofishin kuɗi ba ne, kuma ba sa karɓar komai. Tambayi asusun tallafin gaggawa. Idan abinci ya yanke, masallatai da coci-coci suna rabawa, ba a tambayar addininka. Matambayi ba ya ɓata.

Idan na yi rashin lafiya fa?

Ka riga ka biya kuɗin lafiya tare da biza, fam 776 a shekara tun daga Fabrairun 2024, don haka ganin likita kyauta ne. Magani a Ingila ana biyan ƙayyadadden kuɗi kan kowane ɗaya. Lambar 111 ta shawara ce, 999 ta gaggawa. Ba a shiga kemis a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta kamar yadda muka saba, sai da takardar likita. Idan ka je hutu gida ka dawo da zazzaɓi, gaya musu daga inda ka fito, a gwada maleriya a ranar. Kariyar da jikinka ya saba da ita tana raguwa idan ka daɗe a waje.

Ana nuna wariya? Ni mai hijabi ce.

Mafi yawan kwanaki babu mai kallonki. Garuruwa irin su Bradford, Birmingham da Leicester cike suke da masu hijabi. Amma ba zan ce miki babu ba. A watan Agustan 2024 an yi tarzoma a garuruwa da dama, aka kai wa masallatai hari, ɗalibanmu da yawa suka kwana biyu ba su fita ba. Idan wani ya zage ki ko ya taɓa mayafinki, laifi ne a doka. Ki kira 'yan sanda a 101, ko 999 idan abin yana faruwa a lokacin, ki kuma sanar da makaranta. Da dare ki zauna kusa da direba a bas.

Zan iya tafiya da matata da yara?

Tun 1 ga Janairun 2024 an rufe wannan ƙofa ga masu digiri na biyu na aji. Masu digirin bincike kamar na uku, da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, su ne suka rage. Idan za ka bar iyali, ku tsayar da lokacin waya. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonku ɗaya da Najeriya da Nijar, sauran watannin kana bayansu da awa ɗaya.

Kewar gida ta hana ni sakat. Ni kaɗai ne haka?

Ba kai kaɗai ba ne. Makonnin farko ɗoki ke ɗauke da mutum, kewar takan sauko ne wajen wata na biyu, ta dawo da ƙarfi ranar Sallah, lokacin da hotunan hawa da na 'yan gida cikin sababbin kaya suka cika maka waya, kai kuma kana hanyar lakca. Kira gida, amma kada ka kwana a waya da Kano alhali ba ka san sunan wanda ke ɗakin kusa da kai ba. Nemi 'yan'uwa Hausawa, za su riƙe ka, sannan ka yi aboki ko ɗaya daga wata ƙasa. Idan nauyin zuciyar ya wuce mako biyu, ba ka ci, ba ka barci, je ka wurin masu ba da shawara na makaranta ko likita. Addu'a da ganin likita ba kishiyoyi ba ne. Akwai kuma layin Samaritans, ƙungiyar da ke sauraron masu damuwa, 116 123, kyauta dare da rana.

An yi mini rasuwa a gida, ga jarrabawa saura mako ɗaya.

Allah Ya jiƙan wanda ya rasu, Ya ba ka haƙuri. Jana'iza ba za ka same ta ba, mu ba ma jinkirta mamaci, kuma wannan shi ne mafi ɗacin abin da ke cikin zaman waje. A ranar ka rubuta wa sashenku, ko layi biyu ne. Kowace jami'a tana da tsarin uzuri na rasuwa da rashin lafiya, ana ɗage jarrabawa ko a ƙara wa'adin aiki, amma ana son a nema kafin ranar, ba bayan sakamako ya fito ba. Za su nemi shaida, takardar asibiti ko wasiƙar mai unguwa ko liman, sa wani a gida ya ɗauki hotonta ya turo. Idan za ka tafi gida, sanar da ofishin ɗaliban ƙasashen waje saboda bizarka.

Kuma ka gaya wa mutane. Lokacin da kakata ta rasu ina wata na biyar a Leeds, mutum ɗaya na faɗa wa bayan sallar magariba. Kafin isha mutum tara ne a ɗan kicin ɗinmu, wasu a tsaye saboda kujeru huɗu ne. Matar wani ɗan Gombe ta aiko da tuwon shinkafa da miyar kuka a kula, wani ɗan Sudan ya ja addu'a. Yarinyar nan 'yar Sin da muke gida ɗaya, wadda ba mu taɓa wuce gaisuwa da ita ba, ta tsaya a bakin ƙofa ta tambayi abin da ya faru, ta koma ɗakinta ta fito da kujerarta ta miƙa wa wanda ya fi kowa shekaru.